Farar Rigar da Ta Koma Shuɗiya

Tanga, ranar Litinin

Zuwa ga Maman Tunu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin koma Dar es Salaam lafiya, gajiyar biki kuma ta bi lafiya. Da yake har yanzu lambata a toshe take a wayarki, na ba kwandastan motar safe wannan takarda ya ajiye miki a ofishinsu na Magomeni.

Ba zan ja ki da nisa ba. Kina zaune a taron kwamitin bikin 'yarmu Tunu ranar da kowa ke faɗin gudummawarsa, na miƙe na ce fim ɗin bikin a wuyana yake, daga ɗauka har tacewa. To, Mzee Sefu shugaban kwamiti ya sa walimar rushe kwamitin ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, kuma kamar yadda aka saba, a ranar za a haska fim ɗin a gaban danginmu da dangin ango.

Abu biyu ke ci min tuwo a ƙwarya. Na farko kwamfuta. Kyamarar da na aro don bikin hotonta nauyi gare shi, in na danna Tunu ta ɗaga ƙafa za ta shiga zauren biki, sai in je in dafa shayi in dawo ba ta sauke ƙafar ba. An ce min katin hoton da ke cikin kwamfutar ne ya tsufa, wanda masu shago ke kira girafik. Na biyu allon da nake duba aiki a kai. Komai rawaya yake nuna min. Bana kaɗai na canza allo biyu, duk kanwar ja ce. Ina gyara launin da hannu, kin dai san ni, amma har masu biki biyu sun dawo min da aiki wai ya yi shuɗi. Mutanen da ke kallo a talabijin ɗin gwanjo su ne za su koya min launi.

Na yanke shawarar sayar da babur ɗina. Abin da zai kawo ba zai sayi kati mai kyau da allo mai kyau a tare ba, ɗaya zan ɗauka. Ke kina kusa da kasuwar Kariakoo, kuma na ji an ce yanzu masu tallan talabijin kike tace wa aiki a gida. Wanne kike gani ya fi? Ba taimako nake roƙo ba, shawara ce irin ta abokan sana'a.

Ki gaida ƙanwarki da yaranta. Ki huta lafiya.

Mbwana Shekalaghe
Mbwana Video, Ngamiani

*

Dar es Salaam, ranar Laraba

Baban Tunu,

Wa alaikumus salam. Na dawo lafiya, na gode. Lambarka kuwa za ta ci gaba da zama inda take.

Na yi dariya da na ga "abokan sana'a." Duk zaman da na yi a ɗakin baya na gidanka ina tace finafinan bukukuwan rabin Tanga, ban taɓa jin wannan suna ba. In kwastoma ya tambaya wace ce waccan, cewa kake, "Maman yara ce, tana ɗan taɓa min kwamfuta." Ashe sai da na bar gidan na samu ƙarin girma.

Kuma a rasa wadda za ka tambaya kati ko allo sai ni. Ka tuna ɗan allon nan nawa mai launin toka, wanda na saya da kuɗin adashena lokacin da gidan talabijin ke gwanjon tsofaffin kaya? Na tafi Pangani jinyar mahaifiyata, na dawo na tarar ka yi musayarsa da kati mai fanka biyu da wani ƙaton allo mai sheƙi kamar tiren amarya. Ka ce nawa ba ya burge kwastoma. Da na ce sabon ƙarya yake yi, a gaban mutane ka ce, "Idon mace zaɓen zane ya iya. Ni idona bai taɓa yi min ƙarya ba." Ban manta ba, ba kuma zan manta ba.

Amma fim ɗin na Tunu ne, don haka ga amsa. Ka sayi allo. Kati sauri kawai yake ba ka, ba ya gaya maka ko fuskar mutum ta fito yadda Allah ya yi ta. Tsohon katinka zai iya aikin in ka sa kwamfuta ta yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi ka yi yanka da jeri a kansu, in ka gama ka mayar kan na asali ka bar ta ta fitar da aikin a hankali. In ma dole sai ka canza, mai giga takwas ya ishe ka, ba yaƙin duniya za ka haɗa ba.

Allon kuwa kar ka sayi na masu wasan kwamfuta, kar ka sayi talabijin. Waɗannan an yi su ne don su faranta rai, suna ƙara wa ja ja, suna ƙara wa haske haske. Ka nemi marar sheƙi, wanda in ka leƙa ta gefe launinsa ba ya canzawa. A shago shi ne zai fi kowanne muni, shi za ka ɗauka. Ka ja labule, ka cire kalandar nan mai koren masallaci daga bayan tebur.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Allo biyu daban, dukkansu rawaya? Ka sa min minti ɗaya na abin da ka gyara a filas ka ba kwandasta, inda Tunu ke tsaye tsakanin mata masu anko. Ko kuma ka aiko ɗanyen aikin duka in yi, ka huta.

Sai an jima.

Ashura

*

Tanga, ranar Lahadi

Zuwa ga Maman Tunu,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na karanta abin da ya shafi aiki, sauran na bar wa Allah.

Ɗanyen aiki ba zai bar gidan nan ba. Ni na yi alkawari a gaban maza, ni zan cika. Uban amarya bai kawo bijimin sa ba, bai kawo buhun shinkafa ba, in fim ɗin ma a Dar aka yi shi me zan ce na yi wa 'yata? Minti ɗayan da kika nema yana cikin ambulan.

Na sayi kati. Na san za ki taɓe baki, amma lokaci ya ƙure, kuma mai shagon ya rantse min yanzu duk manyan masu tacewa irinsa suke amfani da shi. Giga goma sha biyu, fanka uku, har da fitilu masu canza launi a jikinsa. Sai da na haɗa da sabon akwatin wuta don tsohon ba ya iya ɗaukarsa, nan sauran kuɗin babur ya tafi. Ashura, da kin ga yadda yake gudu. Tunu tana shiga zaure kamar ruwa, ina ƙara launi a kan launi ko tari kwamfutar ba ta yi. Rawayar allon kuma na gano maganinta, shuɗi nake ƙarawa har sai rigar amarya ta yi fari tas a idona. Da tsohon kati in na ja shuɗin sai in jira, yanzu nan take nake gani.

Rabuwa da babur bai dame ni ba. Dama na daina hawansa in magariba ta gabato, fitilun motocin yanzu kamar walda suke, kashe ido kawai. Komai ya lalace a zamanin nan. Ƙwan lantarkin da ake sayarwa ba haske, mai wankina ma ya daina fitar min da dogayen rigunana na kanzu farare, duk sun koma kalar shayi, in na yi magana ya ce shi bai ga komai ba.

Akwai wani abu da na sa a ƙarshen fim ɗin. Ba zan faɗa ba, ki zo ranar Asabar ɗin ki gani da idonki.

Ki huta lafiya.

Mbwana

*

Tanga, ranar Talata

Mama,

Shikamoo. Ina gaishe ki, mijina Hemedi ma yana gaishe ki, ya ce har yanzu santin shinkafar filau ɗinki yake. Na so in kira ki, amma gidan surukai ne, ba inda zan tsaya in yi magana ba a ji ba.

Jiya na je wurin Baba. Ya zaunar da ni a kujerarki ta da, ya ja labule, ya kunna min fim ɗin. Mama, ban gane kaina ba. Farar rigata ta koma shuɗiya kamar kayan 'yan makaranta. Fuskata toka-toka, leɓena baƙi, kamar wadda aka ciro daga teku. Ankon nan ruwan zuma da muka sha wahalar nema a Kariakoo ya zama kalar ruwan wanki. Hemedi da yake ya fi ni duhu, haƙoransa kawai ake gani.

Baba yana tsaye a bayana yana cewa, "Kin ga rigar nan? Madara. Kin ga fatarki? Kamar ranar da aka haife ki." Na juya na ga yana share hawaye da bakin hularsa. Ya ce, "A duk aikin da na yi a duniya ban taɓa yin kamar wannan ba, Tunu." Na ce, "Ya yi kyau, Baba." Me zan ce?

Da zan tafi ya zuba min shayi, rabi a kofi rabi a kan tebur, bai ma lura ba.

Kin san dangin Hemedi. Gwaggonsa Mwanakombo tun ranar biki take neman abin faɗa a kanmu. In aka haska wannan a gabansu Baba ya gama yawo a Tanga, ni kuma da shi za a riƙa yi min gori har in tsufa.

Ga roƙona. Ina da makullin gidan. In ya tafi masallacin Juma'a zan kwafe ɗanyen aikin in aiko miki, ki gyara launin, ranar walima in musanya filas ɗin. Ba zai sani ba, in ya ga ya yi rawaya zai ce talabijin ɗin zauren ce. Sunansa ya fita lafiya, ni ma in fita. Kin saba yi masa a da, Mama, na sha ganinki kina bin bayan aikinsa in ya fita. Sau ɗayan nan kawai.

'Yarki,
Tunu

*

Dar es Salaam, ranar Alhamis

Tunu,

Marahaba, 'yata. Ina amsa gaisuwar Hemedi.

Kar ki taɓa masa kwamfuta. Na ga minti ɗayan da ya aiko, na san abin da kika gani, raina ya ɓaci fiye da naki. Amma abin da kike roƙo shi ne abin da ya cinye min ƙuruciya. Ya ɓata, in bi baya in gyara, a tafa masa, ya dawo gida ya ce min idonsa ba ya ƙarya. Ni na koya masa wannan maganar da shiruna. Ba zan ƙara ba, ba kuma zan bari ki fara aurenki da irin wannan aikin ba.

Ba allo ba ne, Tunu, idon ubanki ne. Yanar ido ce ta rufe shi, irin wadda ta kama kakarki. In muka ɓoye masa wannan karon, wata mai zuwa bikin wasu zai ɓata, kuma su ba 'ya'yansa ba ne. Zan gaya masa da kaina, akwai sauran lokaci.

Ki ci abinci, na ga kin rame a hoton, ko da yake a hoton nan kowa ya rame.

Mamanki

*

Dar es Salaam, ranar Alhamis

Baban Tunu,

Sallama. Kwalin da ke tare da wannan takarda allona ne, wanda nake cin abinci da shi. Na naɗe shi da bargo, na roƙi kwandasta kar ya ɗora masa buhun dankali. Kwanan nan aka daidaita launinsa da na'ura, duk Dar ba wanda zai ce yana ƙarya.

Na kalli minti ɗayanka a kansa. Ka mayar da 'yarka gawa. Rigarta shuɗiya ce, fuskarta toka ce, matan anko kamar an jiƙa su a ruwan bula. Masu bikin da suka dawo maka da aiki gaskiya suka faɗa.

Allo biyu rawaya, kanzu rawaya, ƙwan lantarki ba haske, fitilar mota na kashe maka ido. Duniya ce duka ta lalace, ko kuwa abu ɗaya ne? Idon nan da bai taɓa yi maka ƙarya ba, Mbwana, shi ke yi maka ƙarya safe da yamma. Yanar ido ce. Tana sa mutum ya ga komai ruwan shayi, kai kuma kana ta zuba shuɗi kana kashe rawayar da babu ita sai a cikin kanka. Katin da ka sayar da babur ka saya bai yi maka komai ba illa ya sa kana ɓata aiki da sauri.

Ka jona allon, ka ɗauko farar takarda ka fita tsakar gida da rana, ka rufe idon dama ka duba, ka rufe na hagu ka duba. In ka ga bambanci, ka cire duk shuɗin da ka sa, ka kira Tunu ta zauna kusa da kai ta zama idonka. Idon mace ne, amma haka za ka yi haƙuri da shi.

Ashura

*

Tanga, ranar Litinin

Ashura,

Sallama, don addini ya ce a yi.

Ga allonki nan na mayar a bargonsa. Na jona shi, ya fi nawa rawaya, ga duhu kamar an shafa masa toka. Ko dai lalatacce kika zaɓo ki aiko min, ko kuwa irin aikin da kuke yi ke nan a Dar.

Na yi zaton shekarun nan sun sanyaya miki zuciya. Ashe jira kike in buɗe baki in tambaye ki abu ki samu ƙofar rama tsohuwar magana. Makaho kike kirana. Ni da na ɗauki bikin iyaye na dawo na ɗauki na 'ya'yansu, ni zan tsaya tsakar gida da takarda ina kanne ido kamar mahaukaci maƙwabta na kallo? Tunu da bakinta ta ce ya yi kyau. 'Yata ba ta yi min ƙarya.

Fim ya kammala, ban taɓa komai a cikinsa ba, har abin da na sa a ƙarshe na bar shi, ko da yake yanzu ban ga dalili ba. Ranar Asabar za a haska. Ki zo ko kar ki zo.

Mbwana

*

Tanga, ranar Lahadi

Mama,

Shikamoo. Ina fatan kina lafiya. Mu dai ga mu nan.

Tunda ba ki zo ba, bari in ba ki labari, don ki ji daga bakina kafin ki ji a bakin gari.

An yi walimar a zauren makarantar su Mzee Sefu. An ci an sha, ya yi godiya ga kowa, ya ce kwamiti ya sauke nauyi, saura kallo. Baba ya sha sabon kanzu, ya ƙi zama, ya tsaya gefen talabijin riƙe da rimot kamar mai tsaron ƙofa.

Aka kunna fim. Da na fito a hoton sai na ji wata a baya ta ce, "Subhanallahi, amaryar ba ta da lafiya ne ranar?" Wani daga abokan Hemedi ya ce, "Kai ango, ina ka shiga? Ga hularka nan tana yawo ita kaɗai." Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Mzee Sefu ya matsa ya ce wa Baba a hankali, "Bwana Mbwana, ko talabijin ɗin ce a ɗan taɓa ta?" Baba ya ce da ƙarfi, "Talabijin lafiyarta lau, yau ma ta fi kullum kyau."

Gwaggo Mwanakombo kuwa ta samu abin da take nema. Ta ce, "Mu dai zane ruwan zuma muka saya da kuɗinmu, wannan na makoki ban san inda aka samo shi ba." Ta juyo ta dube ni ta ce, "'Yar nan, haka kike da ba kwalliya? Ai da an faɗa mana." Hemedi ya riƙe min hannu ta ƙarƙashin tebur. Ban yi kuka a wurin ba.

Baba bai ji rabin abin da ake faɗa ba, dariyar ma ya ɗauka ta jin daɗi ce, yana ta murmushi yana nuna wurare da rimot. Sai aka zo ƙarshe, rubutu ya hau. Na san kin san yadda yake rufe kowane fim, sunansa shi kaɗai da manyan baƙaƙe. Wannan karon ga abin da ya fito: Ɗauka, Mbwana Shekalaghe. Tacewa da launi, Ashura Mwinjuma, wadda ta koya min.

Ya tsayar da hoton a nan ya bar shi. Ya juyo yana duba cikin mutane, na san ke yake nema.

Mama, kin san abin da zauren ya ɗauka. Nan take Gwaggo ta tafa hannu ta ce, "Yo ashe. Uwar ce ta yi launin. Shi ya sa ba ta zo ba." Kafin a gama kwashe faranti magana ta zaga, wai kin ɓata fim ɗin 'yarki da gangan don ki kunyata tsohon mijinki. Na ce ba haka ba ne, ba wanda ya saurare ni. A nan ne Baba ya ji. Ya kamo hannun Mzee Sefu ya ce, "Sefu, tsakaninka da Allah, rigar nan wane launi ce?" Mzee Sefu ya ce, "Shuɗiya ce, ɗan'uwa." Ya tambayi Hemedi, ya tambayi liman. Ni ce ta ƙarshe. Na ce, "Shuɗiya ce, Baba." Ya ce, "Amma kin ce ya yi kyau." Ya ajiye rimot a kan kujera ya fita, ko filas ɗinsa bai cire ba.

Kin ce gaskiya za ki gaya masa, kin kuma gaya masa. Amma na ga takardar a kan teburinsa, na karanta. Ko ni aka rubuta wa haka ba zan fita tsakar gida da farar takarda ba. Kin fi shi gaskiya, Mama, ban musa ba. Ni dai ce na zauna a zauren.

'Yarki,
Tunu

*

Tanga, ranar Laraba

Maman Tunu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya.

Na fita tsakar gida da takardar. Da idon dama ruwan shayi ce. Da na hagu ta ɗan fi fari, ba sosai ba. Kanzuna ma na duba, na je na ba mai wanki haƙuri.

Sunanki da na sa, wallahi don in biya ki na sa shi. Na bi gidajen 'yan kwamiti ina cewa ba hannunki a launin, suna cewa Allah sarki, har yanzu yana kare ta.

Ga faifan ɗanyen aikin duka a cikin bargon da na saya, kwandasta ya san ba a ɗora masa kaya. Ki yi yadda kika ga dama da shi. Katin yana nan yana ta canza launi a cikin kwamfuta, ban san me zan yi da shi ba.

Ki huta lafiya.

Mbwana

*

Dar es Salaam, ranar Talata

Baban Tunu,

Wa alaikumus salam.

Ga fim ɗin. Rigar fara ce, ankon ruwan zuma ne, Hemedi ya dawo ƙarƙashin hularsa. Ɗaukarka ba laifi, hannunka bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Kwafi biyu ne, ka ba Tunu ɗaya in za ta karɓa, ni ba ta ɗaga wayata.

In ka kunna za ka gan shi rawaya. Kar ka taɓa. Ka je asibitin ido tukuna, ka sayar da katin in da bukata.

Kwamiti ya watse, ba wanda zai sake taruwa ya kalli wannan. Wanda Tanga ta gani shi ne shuɗin, kuma shi ne kaɗai fim ɗin da ya taɓa fita da sunana.

Na yanke rubutun ƙarshe. Fim ɗin yana ƙarewa ne a inda Tunu ta juyo tana neman mu a cikin mutane, kai kana bayan kyamara, ni ina can teburin baya. Ba sunan kowa.

Ka huta lafiya.

Ashura